Hannun da Ban Juya Ba

Kwana shida ke nan kuna tambayata a ƙarƙashin rubutuna ina na shige, ni da na saba cika muku kunne da labarin Injiniya da farar motarsa da irin kallon da yake yi mini ta saman tabarau. Wata ma ta rubuto ta ce ko hidimar biki ce ta ɓoye ni. 'Yar'uwa, ina ma. Ku gyara zama, yau labarin ba daɗi, kuma rabin laifin da ke cikinsa nawa ne. Ba zan rataya wa kowa nawa kason ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sana'ata bugun zane ce. Nakan samu shafaffen katako in zana abin da nake so a kai, in bi da wuƙar sassaƙa in cire duk inda nake so ya fito fari, in shafa tawada, in shimfiɗa takarda, in yi ta gurza bayanta da bayan cokali har kafaɗata ta yi tsami. Sai in ɗaga a hankali. Wannan ɗagawar ita ce duk daɗin duniya a wurina. Doka biyu Malamarmu ta zane ta dasa mana a ka. Ta farko, abin da ke dama a katako hagu yake fitowa a takarda, don haka sai ka fara zane a siririyar takarda, ka kifa ta, sannan ka kwafa. Ranar farko takan sa kowa ya sassaƙa sunansa, ta koma gefe tana jira, in suka fito a juye ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta biyu, idan ka gama buga adadin da ka yi niyya, sai ka ja wuƙa ka tsaga fuskar katakon, don kada a sake buga ko ɗaya a bayanka.

Abin da nake zanawa kuwa ɗaya ne, masaƙar da ke ƙarshen layinmu. Shekara goma sha huɗu da rufe ta, amma ni a cikin kukan jiniyarta na girma. Da jiniyar safe Umma take tashinmu, da ta rana take ɗora tukunya. Na zana bututun hayaƙin nan ya fi sau talatin. Na zana babbar ƙofar, da layin kekunan ma'aikata da suka daɗe da ɓacewa, da tagogin sama da auduga ta liƙe wa kamar furfura.

Baba ya yi shekara ashirin da uku a kan injin saƙa na tara, har yau tsofaffin abokansa Na Tara suke ce masa. Injin ne ya ci masa yatsu uku na hannun dama ina da shekara bakwai, ya bar masa babba da ƙarami. Tun daga ranar hannun ya koma zama a aljihu. Duk rigar da za a ɗinka masa sai Umma ta karɓa ta farke aljihun dama ta ƙara masa zurfi. A duk hotunan gidanmu za ku ga hannun a bayan wani. Sau ɗaya na taɓa roƙonsa ya bar ni in zana shi. Bai yi fushi ba, murmushi ma ya yi.

"Uwata, zana bututu, zana ƙofa. Su ba sa jin kunya."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wata rana da azahar, ana zafi kamar me, barci ya ɗauke shi a kujerarsa ta baranda, rediyo yana ƙananan maganganu a gefensa. Hannun ya zamo daga aljihu ya kwanta a kan gwiwarsa. Ni kuma ina zaune a tabarma da sabon katako a cinya. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau da ban tausayi ba: jijiyoyin bayansa, tabon ɗinki mai kama da hanyar jirgin ƙasa, tsagar da ke farcen babban yatsa. Babu lokacin neman siririyar takarda. Na ɗauki fensir na zana kai tsaye a kan katakon, ƙirjina yana dukan da na ji tsoron zai tashe shi. Kwana tara na yi ina sassaƙa a ɗaki, ƙofa a rufe. Da na buga na farko na ɗaga takarda, sai ga hannun hagu yana kallona.

Ni da nake koya wa wasu dokar nan. Na yi dariya har hawaye ya zo, hawayen kuma ya ƙi tsayawa. Na ɗauka gargaɗi ne aka yi mini a kan satar da na yi. Ban sake buga ko ɗaya ba. Na rubuta "gwaji" da fensir a ƙasan takardar, katakon kuma na naɗe shi da tsohon zani na tura ƙarƙashin gado.

Injiniya ya shigo rayuwata ne a wani ɗan baje kolin zane da muka yi mu biyar. Ya tsaya gaban bututuna ya fi minti ashirin, hannu a baya, sannan ya juyo ya ce mini yana jin kukan jiniya a cikin hoton. Ku gaya mini, wace mace ce da ta ƙarar da ƙuruciyarta a karatun littattafai za ta ji wannan ta koma gida da zuciyarta? Ni dai a nan na bar tawa. Kamfanin da yake yi wa aiki ne ya karɓi tsohuwar masaƙar zai mayar da ita otal da shaguna, za su bar bututun a tsaye don tarihi, kuma suna son bugu goma sha biyu nawa a babban zaure. Daga maganar firam ɗin da za a sa wa zanen aka koma maganar "kin ci abinci?", daga nan sai ga mota a ƙofar gidanmu duk Lahadi.

Umma ta sauya labulen falo. Ta fito da kofunan da ko mu ba mu san da su ba. Tun zuwansa na biyu ta fara ce masa ɗana, ni kuma ta saya mini wani ɗan buroshi na wanke farce, ta ce in ji tsoron Allah in daina miƙa wa mutum ruwa da hannun makanike. Gwaggo, yayar Baba, wadda ta tare a gidanmu tun da ta ji ƙamshin magana, ta ce shekara ashirin da bakwai ba wasa ba ce, kuma tunda aka samu wanda ya kalli tawada ya ɗauka lalle ne, to a yi maza kafin a gyara masa tabarau. Baba dai abu ɗaya ya ce: yaron yana da ladabi.

Sau uku aka kawo musu abinci tare, shi da Baba. Na farko da na biyu Baba ya ce ya ƙoshi, ya sha ruwa kawai da hagu. A na uku ina tsaye da tire na ga ya zaro hannun daga aljihu, ya maƙale cokali tsakanin babban yatsa da ƙaramin, yadda yake yi idan mu kaɗai ne, ya fara ci. Muka haɗa ido da Umma. Shekara ashirin ba mu ga ya yi haka a gaban baƙo ba. Injiniya kuwa bai ko kalli wurin ba, ya ci gaba da bayanin rufin gilashin da za su yi wa zauren, yana nuna hotuna a waya. Na koma ɗaki na rungume matashi. Na ce wannan ita ce kara, wannan shi ne ɗan mutunci, ya gani ya kau da kai.

A makon ne na yi wautar. Muna zaune a mota a ƙofar gida ya ce yana ji a jikinsa akwai aikin da nake ɓoye masa, mafi kyawun aikina. Na shiga na ɗauko gwajin. Ya duba, ya cire tabarau, idonsa ya kawo ruwa. Na gaya masa hannun wa ne, na gaya masa yadda na sace shi, na gaya masa Baba zai iya yafe mini komai ban da wannan. Ya roƙe ni in bar masa, ya ce a ɗakin kwanansa zai ajiye, ido ba zai gani ba sai nasa. Na sa shi ya maimaita, ya maimaita. Ban ce masa a juye yake ba. Kunyar kuskuren nake ji, kuma na yi zaton zai gane da kansa ya tsokane ni. Har jira na yi ta yi. Abin da ya zo kawai saƙo ne, har yanzu yana wayata: "Amanarki tana inda zuciyata take."

Asabar ɗin da ta wuce aka buɗe zauren. An riga an tsayar cewa manyansa za su zo ganin Baba ranar Juma'a, wato gobe, don haka Umma ta ɗauki bikin buɗewar a matsayin fitarmu ta farko a idon dangin miji. Ta sa ni doguwar riga ruwan zuma mai aiki a wuya, da mayafin da shi ya kawo mini, mai santsi da ba ya zama a kafaɗa. Na jiƙa yatsuna a ruwan ɗumi da lemon tsami har suka yi yaushi, tawadar ta fita sai ɗan baƙi a gefen farce. Gwaggo ta ɗaura ɗankwalin da sai da ta sunkuya kafin ta shiga mota.

Baba ya ce ba za shi ba. Tun ranar da aka rufe masaƙar bai sake taka ƙofarta ba, ko kasuwa za shi sai ya zaga ta bayan layi. Umma ta roƙa, Gwaggo ta yi masa faɗan yaya, Injiniya ya kira ya ce an ajiye masa kujera a gaba. Ni ce na ƙarasa shi. Na durƙusa na ce ina so ya ga aikina a bango ko sau ɗaya. Ya dube ni ya ce to, Uwata. Ya buɗe akwati ya fito da shuɗin yadin nan da aka ɗinka masa daga dilar ƙarshe da masaƙar ta fitar, wanda ba ya sa wa sai abu ya kai abu.

Zauren ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Haske yana zubowa ta rufin gilashi, an goge daɓen yana sheƙi, amma an bar ramukan ƙusoshin da suka riƙe injuna, layi-layi. Na ga Baba yana ƙirga su da ido, leɓensa yana motsi. Ya tsaya a na tara. Teburin lemo aka ajiye a wurin. Ya daɗe yana kallon kwalaben, sannan ya wuce. Bugu goma sha biyun nawa suna jere a bangon gefe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a gaban na kekuna ya nuna mini da haɓa inda yake jingine tasa. Zuciyata ta cika. Bangon ƙarshe kuwa, mafi girma, an lulluɓe shi da farin ƙyalle daga sama har ƙasa. Na tambayi Injiniya mene ne a ciki, ya kashe mini ido ya ce kyauta ce.

Aka yi jawabai. Shi ya yi na ƙarshe, kuma ya iya magana, kun sani. Ya yi maganar gumi, da mutanen da suka tufatar da gari alhali nasu tufafin sun tsufa, har na ga wata mata tana share ido. Sannan ya ja igiya, ƙyallen ya zube.

Hannun Baba ne. Tsayinsa ya fi na mutum biyu. Sun ɗauki hoton gwajina sun buga shi a kan allo, kowace jijiya ta zama kamar igiyar rijiya, tabon ɗinkin ya kai faɗin tafina, gurbin yatsu ukun nan ya zama ƙofa da mutum zai iya shiga. Har kalmar "gwaji" da rubutuna tana ƙasa. A samansa an rubuta da manyan baƙaƙe: HANNUN DA YA GINA GARINMU.

Aka ɗau tafi. Ban iya juyawa na kalli Baba ba, gefen shuɗiyar rigarsa kawai nake gani, da yadda aljihun dama ya ƙara nutsewa.

Injiniya bai tsaya nan ba. Ya ce mai hannun yana cikinmu, kuma nan da 'yan kwanaki zai zama surukinsa. Ya sauko da kansa, lasifika a hannu, ya tayar da Baba ya kai shi gaban allon. Baba ya bi shi, don ba mutum ne mai ja-in-ja a cikin jama'a ba. Wayoyi suka tashi sama. A nan na ga abin da har in mutu ba zan manta ba. Injiniya ya ɗaga kai ya dubi allon, ya dubi Baba, ya ɗan yi lissafi, sannan ya zagaya ta hagunsa, ya kama hannun hagu, ya ɗaga shi sama yadda ake ɗaga na wanda ya ci gasa.

Yatsu biyar, lafiyayyu, a ƙarƙashin hasken gilashi.

Tafin ya mutu a hankali. Wani ya yi tari. Can baya wata murya ta ce, "Ikon Allah, sun tsiro." Sai dariya ta fashe, irin wadda mutane suke ƙoƙarin dannewa tana ƙara ƙarfi. Injiniya ya sauke hannun yana jujjuya shi, yana duba gaba da baya kamar kayan da aka sayar masa ba daidai ba. Ya sunkuya ya yi raɗa, ya manta lasifikar tana bakinsa, duk zauren ya ji.

"Baba, ɗayan ne?"

Baba ya zare hannunsa a hankali, ya goge shi a gaban riga. Bai ɗaga murya ba, amma lasifikar ta ɗauka.

"Wannan ba hannuna ba ne, yaro. Ka tambayi mai zanen."

Mai zanen. Ya bi ta tsakiyar mutane, ya wuce teburin lemo, ya fita ta babbar ƙofar da ya yi shekara ashirin da uku yana fita, ya taka da ƙafa har gida. A tsaye nake a wurin na gane abin da na kira kara. Ba kau da kai ya yi ba ranar cin abincin nan. Bai gani ba ne. Mutum ya fitar masa da abin da ya ɓoye shekara ashirin, a faranti ɗaya da shi, shi kuma yana kallon rufin gilashi a waya.

A gida Umma ta ce kuskure ne, girmamawa yaron ya yi niyya, kuma duk wanda ya ɗora hannun surukinsa a bango mai tsada haka ba ƙaramin so yake yi ba. Ta ce in kuskura in ɓata maganar Juma'a in gani. Gwaggo kuwa ni ta sa a gaba. Ta ce shekara huɗu ana tura ni makarantar zane ashe ban san dama da hagu ba, ni na kunyata ɗan mutane a gaban manyansa, da na zana abin daidai da yanzu ana ta sa albarka. Ta ce ko ɗan yaye ya san hannun da ake cin abinci da shi. Abin haushin, ta wani gefen gaskiyarta ce.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa. Na farko haƙuri ne mai tsawo, da kalmomi masu daɗi irin nasa. Na biyu ya ce ya so ya ba ni mamaki ne, aikin ya fi ƙarfin ɗakin kwana. Na uku: "Amma me ya sa ba ki gaya mini hoton a juye yake ba?" Na karanta wannan ya fi sau ashirin. Ban ga inda ya tambayi yadda Baba yake ba, na koma sama na sake dubawa.

Baba bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Ina gaishe shi yana amsawa, ina kai masa ruwa yana cewa an gode. Idan yana son abu sai ya ce "ke". Bidiyon ya zaga, har abokansa na da suka fara kira, ya kashe wayarsa ya sa a aljihun hagu.

Jiya da la'asar ya kira ni baranda ya ce in kawo katakon. Ban san ya san akwai katako ba, ashe duk shekarun nan yana lura da yadda nake aiki. Na jawo shi daga ƙarƙashin gado, na kwance zanin, na ajiye masa a cinya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zaro hannun ya kwantar da shi kusa da na katakon. Dama da dama, babu abin da ya bambanta su, har tsagar farcen.

"Barci nake yi?"

Na ce e, Baba.

"Kin iya aiki." Ya shafa tabon da ke katakon da ƙaramin yatsansa. "Shi injin da ya ci su, aƙalla idona biyu."

Na so ƙasa ta buɗe. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ce shi ba zai hana kowa shigowa gidansa ranar Juma'a ba, in ina son yaron zai karɓi manyansa da fuska a sake, don ba shi zai zauna da shi ba. Abu ɗaya kawai yake so in sani: da gangan ya fitar da hannun ranar nan, don yaron ya ga gidan da zai shiga. Daga nan ya tambaye ni yadda muke yi idan mun gama da katako. Na gaya masa. Ya ce in kawo wuƙar.

Ya gwada da kansa. Ya maƙale ta tsakanin yatsu biyun ya danna, ta zame, ya sake, ta sake zamewa ta faɗi ƙasa. Ya dube ta, ya dube ni. Na ɗauka. Na sa bakinta a kusurwar sama na ja har ƙasa, ta tsakiyar jijiyoyin, ta kan tabon, ta kan aikin da ban taɓa yin kamarsa ba kuma na san ba zan sake ba. Ya ce an gode, ya mayar da hannun aljihu, ya shiga ciki.

Yau da hantsi saƙo ya shigo. Zan kwafa muku shi yadda yake: "Albishirinki. Masu otal sun ce abin ya jawo mutane fiye da zato. Suna so a sa ainihin katakon a gilashi kusa da allon, kuma in Baba zai yarda a ɗauki hoton na daman a gefensa, sai a gyara komai. Ina ƙofa, fito da shi."

Kada ku ɗauka na daina sonsa a lokacin. Da na leƙa ta taga na ga motar, sai da zuciyata ta riga ni fita wurinsa kamar yadda ta saba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma ku kaɗai zan iya gaya wa. Na naɗe katakon a mayafin nan mai santsi, na fita. Ya sauke gilashi yana murmushi, ƙamshin turarensa ya fito ya tarye ni. Na miƙa masa. Ya kwance, murmushin ya tafi. Ya bi tsagar da yatsa ya ce na ɓata shi, wa ya sa ni, na san darajar abin nan kuwa? Sai kuma ya ƙara matso da shi kusa da tabarau.

"Ai wannan na dama ne."

"Kullum na dama ne," na ce. "Ka gaya wa manyanka kada su wahalar da kansu gobe."

Ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana da shi. Ban juya ba, don na san in na juya shi ke nan.

A falo na tarar da Umma tana guge leshin da zan sa gobe, ta shimfiɗa bargo a kan tebur, Gwaggo tana gefe tana zaɓar awarwaro. Umma ba ta ɗago ba ta tambaye ni ƙarfe nawa ya ce za su iso. Na gaya mata abin da na gaya masa. Ba ta ɗaga dutsen gugar daga inda yake ba. Muna tsaye mu uku har warin ƙuna ya cika ɗakin.

Gwaggo ce ta fara motsi. Ta zuba awarwaron a jaka, ta yafa mayafi, ta ce ita ba za ta zauna tana kallo yarinya ta yi wa kanta sakiyar da za ta yi kuka a kanta shekara goma ba. Gidan su Injiniya za ta, ta gaya wa mahaifiyarsa zafin kai ne na ƙuruciya, su zo gobe kamar yadda aka tsara. Har yanzu da nake rubuta muku ba ta dawo ba, kuma Umma ta aika a sayo wani leshin.

Ni kuma ina zaune a tabarmar baranda, farcena ya sake yin baƙi, kujerar Baba tana gabana babu kowa. Na yi zaton in ya ji abin da na yi zai fito ya ce Uwata. Ya ji, don muryar Gwaggo ba ta ɓuya. Ɗazu da azahar ya fito ya ɗauki rediyonsa, ya ce mini "ke, matsa in wuce", ya shiga ɗaki zai yi barcin rana. Shekara da shekaru a wannan kujerar yake yinsa. Ina zaune na ji ya tura ƙofa, sannan na ji ƙarar sakata.